Ba azumi take yi ba

Raihana,

Na tarar kina barcin bayan asuba, ban tashe ki ba. Kar ki nemi kyanwarki. Nimra tana tare da ni, cikin kwandon albasa. Mun tafi garin Sinja wurin likitan dabbobi, a motar Mati direba.

Da na dawo daga masallaci na same ta kwance a gindin randa, inda ƙasa take da danshi. Na kira ta, ko kunne ba ta motsa ba. Naman da kika ajiye mata da sahur yana nan, tururuwa sun rufe shi. Da na ɗaga ta, babu nauyi, sai ƙashi da gashi, ga bakinta yana wari.

Tun farkon watan nan kike gaya mini ta daina ci, ta daina lasar jikinta, ba ta fitowa tarbarki. Ni kuma na ce ai ita ma azumi take yi. Har tabarmar shan ruwa na kai zancen a ƙofar gida, maza suka yi ta dariya, kina jin mu ta bayan danga. Ma'alesh, ki yi haƙuri, ɗiyata. Da akuya ce ta ƙi ci, da tun a ranar na sa an duba ta.

Ki zubar da ruwan da ke kaskonta kafin kaji su sha, ban sani ba ko ciwon yana yaɗuwa. Ba zan yi miki alkawarin komai ba. Amma kaskon, ki wanke shi ki ajiye mata.

Babanki