Filastata a Bayan Baban Yara

Daga: Maman Auta, mai ɗinki a shagon bayan tashar mota
Zuwa ga: Mai girma Shugabar Sashen Mata, Babban Asibiti
Kwanan wata: 24 ga Afrilu

Game da: Hana ni maganina da aka yi a tagar magani, da abin da ya jawo haka

Ranki ya daɗe,

Assalamu alaikum. Allah ya ƙara miki lafiya, ya ba ki haƙurin karanta rubutuna, don karatuna bai yi nisa ba.

Ni mace ce mai shekara hamsin da ɗaya. Tun da al'ada ta ɗauke mini, zafi ke taso mini daga ƙirji zuwa ka kamar an buɗe murhu, zufa na ɗiga a kan yadin mutane. Ranar 3 ga Maris likitarku ta duba ni, ta rubuta mini filastar homon, wato sinadarin jikin mata, ta wata uku, ta ce in riƙa mannawa a ƙasan cibiya. Alhamdu lillahi, na samu barci, na daina yi wa keken ɗinki tsawa. Ga ƙorafina cikin ladabi:

1. A taga ba wanda ya yi mini bayani. An miƙo kwali da wata takarda mai rubutu kamar ƙafar kiyashi. Na tambaya ko ana wankan tsarki da ita a jiki, ma'aikaciyar ta ce in matsa, akwai layi.

2. Kwalin nan bai da maraba da na filastar ciwon baya. A gidanmu kuwa magani bai da mai shi. Gwangwani ɗaya ne a kan firji, duk mai ciwo ya sa hannu. Baban yara direban babbar mota ne, bayansa ya daɗe yana damunsa. Ashe tun makon farko yake ɗiba, bibbiyu yake mannawa, wai ƙanana ne, kamfani ya rage musu girma. Har abokinsa mai faci ya ba, don ciwon gwiwa. Ban farga ba sai ranar da ya tuɓe riga na ga bayansa kamar tayar da ta sha faci. Na yi salati, na duba kwali, wayam.

3. Ranar 21 ga Afrilu na koma tagar da katina. Ma'aikaciyar ta ce lokacina bai yi ba, ta ɗaga murya a gaban mata ta ce ko sayarwa nake. Ranki ya daɗe, dama ina fama da bakin mutane. Maƙwabciyata ta baza cewa ciki nake nema, ni mai jikoki uku. Ƙanwar baban yara ta ce maganin komawa budurwa ne. Surukata ta ce a zamaninsu mafici ya ishe su, alhali yanzu fankata ce a ɗakinta. Rabin masu zagin nan kuma zufa suke yi kamar ni, suna cewa yanayi ne. Yanzu an ƙara mini da sunan 'yar kasuwar magani.

4. Baban yara ya ƙi yarda maganin mata ne. Ya rantse bayansa ya warke, wai har ya daina faɗa da masu babur a hanya. Amma ƙirjinsa tsami yake masa, bel ɗin mota ma da ƙyar yake ɗaurawa, ya ce sanyi ne ya kama shi. Ni kuwa zafi ya dawo. Jiya, don rashin barci, na ɗinke wa wata malamar makaranta wuyan riga gaba ɗaya, ta rasa ta inda za ta sa kai. In aka ci gaba a haka har wata uku su cika, shagon nan rufewa zai yi.

Don haka ina roƙon alfarma:

A ba ni wani kwalin, tunda ban sayar ba, ban zubar ba, yana nan a bayan mijina ga mai son gani. A rubuta NA MATA da manyan baƙaƙe a jikin kowane kwali. A samu wata nas mai haƙuri ta riƙa zama da mata ranar asibiti, ta gaya musu mene ne maganin nan, wa ya dace da shi, wa bai dace ba, don a sauke ni daga bakinsu. A kuma ja wa ma'aikaciyar taga kunne, ba na so a kore ta.

Na ƙarshe, a tanadar mini likita namiji, babba, in da hali mai furfura, don baban yara ba ya jin maganar wanda bai kai shi ba. Ranar Alhamis zan kawo shi insha Allahu, da shi da mai faci. Sun yi murna, sun ɗauka nasu kwalin za a ba su. Allah ya gani ban yi musu ƙarya ba, ban dai gyara musu zato ba.

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Taki mai biyayya,
Maman Auta