Fuskar da Muke Arowa Duk Shekara

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Walimar Zumunci ta Hausawan Jidda, da sauran dattawan kwamiti.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida Alhaji da iyali, da ƙoƙarin da ake yi da jama'a.

Zan fara da yabo, don an cancanta. A duk tarukan garin nan ban ga wanda ya kai walimarmu tsari ba. Shinkafar bara har yau ina jin ƙamshinta a hannun rigata, rago kuwa ya dahu har ƙashi yana zamewa da kansa. An raba takardun yabo masu ruwan zinariya: Alhaji ya ba ma'aji, ma'aji ya ba sakatare, sakatare ya juyo ya ba Alhaji, mu kuma muka yi ta tafi. An yi jawabi bakwai, cikin ikon Allah babu ɗaya da ya taɓa abin da ke damun kowa. Wannan ba ƙaramar gwaninta ba ce. Ni ɗan kasuwa ne, na san wuyar dogon surutu ba tare da an faɗi farashi ba.

Sunana Habu, mai sayar wa alhazai akwatuna da barguna a bakin kasuwar Balad. Umara ta kawo ni ina saurayi, na maƙale, na yi shekaruna na ɓuya, daga baya Allah ya ba ni kafili, ɗan ƙasa mai tsaya mini, da iƙama, takardar zama. Alhaji ya san fuskata. Ni ne nake zama can baya kusa da takalma.

Na ɗaya. Ina da 'ya, Safiya. A unguwar Hindawiyya aka haife ta, Larabci ya fi zama a bakinta fiye da Hausa. Mijinta Isa yana aiki a wani sito a unguwar masana'antu ta nan Jidda, takardunsu cikakku ne, albashinsa yana shiga banki. Rusau ya tashe su daga gidansu na farko. Wanda suka koma, mai shi ya sayar, an ce su fita kafin ƙarshen watan nan, su da 'yan matansu biyu ƙanana. Wata biyu ke nan Safiya tana neman gidan haya a unguwar Ruwais. In ta buga waya, sai a ce akwai, ki zo 'yata, gida naki ne. In ta je, da yake tana sa niƙabi, dillali ba ya ganin fuska, sai ya kalli hannu. Yana kallo sai ya tuna ai ɗazu aka kama gidan.

Da ta gane, sai ta sayi safar hannu baƙa. Rannan har sama aka kai ta. Ta buɗe tagogi, ta gwada famfo, ta auna inda za ta sa firji, mai gida yana ta yaba tarbiyyarta. Sai ga Isa ya hawo da kayan aikinsa zai sa hannu. Nan take aka gano ashe ɗan ƙanwar mai gida zai yi aure, shi aka ajiye wa. Dillali ɗaya ne ya gaya mata gaskiya, ya ce ba laifinsa ba ne, masu gidaje ne suke cewa ban da takarna, wato mu baƙar fata, wai maƙwabta za su yi ƙorafi, darajar bene ta faɗi. Na je takanas na yi masa godiya, don ko ba komai ya rage mata kuɗin mota.

Ta dawo ta ajiye safar a kan akwatunana, ta ce: "Baba, a ina kuma za a haife ni kafin in zama 'yar gari?"

Na biyu. Na rubuto wa kwamiti ne don kwamiti ya san ciwon nan sarai, har yana da maganinsa. Istirahar da muke walima, gidan hutun nan mai lambu da ake haya na yini, kowa ya san ba a ba mu ita da fuskarmu. Duk shekara ma'aji yana tura abokinsa Abu Samir, farin mutum ɗan kwangila, ya je ya sa hannu ya karɓo makulli. Mu kuma a aiko mana saƙo: a shigo da kaɗan-kaɗan, kada a sa babbar riga, kada a yi Hausa a bakin ƙofa. In an tashi a naɗe masa cinyar rago, a haɗa masa da takardar yabo ta masoyin al'umma. Bara ni na ɗaukar masa tiren zuwa mota, don haka ba labari aka ba ni ba. Mutumin kirki ne, ba ni da ƙorafi a kansa. Ƙorafina shi ne muna shiga ta aron fuska, mu zauna mu yi awa biyar muna faɗin irin mutuncin da Allah ya ba mu a ƙasar nan.

Na uku. Bara na ɗaga hannu zan yi maganar nan. Sakatare ya zagayo ya raɗa mini cewa yau ranar farin ciki ce, kuma kada in ja mana. Alhaji, na san ƙasar da nake, na fi shekara talatin ina taka ta a hankali. Ban ce mu ɗaga kwali ba, ban ce mu zagi kowa ba. Amma a layin da nake zama akwai wanda ya koya wa yaron shago aiki, aka tsayar da yaron a gaba wajen masu saye, shi aka mayar da shi sito. Akwai wadda 'yarta ta gama karatu da sakamako mai kyau, duk inda ta kai takarda sai a ce ta haɗo da hoto, daga nan shiru. Kowa yana zaton shi kaɗai ne mai rashin sa'a, saboda rana ɗaya da muke haɗuwa a shekara an cika mana baki da shinkafa.

Ni ma ba wankakke ba ne. Na yi shekaru ina sayar da man bilicin a ƙarƙashin akwatuna, kuma matanmu ne suke saye. 'Ya'yanmu haifaffun nan masu katin ɗan ƙasa, in suka ce wa sabon zuwa takari, murguɗa bakinsu ɗaya da na mai ce musu takruni. Na gaji, Alhaji. Gajiyar ma ta fi ƙarfin fushi.

Ga roƙona, kuma babu wanda zai ci wa kwamiti ko riyal. A cire awa ɗaya daga rabon takardun yabo, a bar mutane su faɗi abin da ya same su, maza da mata, da Hausa ko da Larabci, ba tare da an raɗa wa kowa a kunne ba. A tattara sunayen benayen da ke karɓar baƙar fata, domin akwai su, kowa ya san ɗaya ko biyu ya riƙe a cikinsa. Masu katin ɗan ƙasa a cikinmu, da masu gidaje, su tashi tsaye a gan su, su ce za su raka mai neman haya ko su tsaya masa. Ɗan Alhaji da ya karanta shari'a ya gaya mana inda ake kai ƙara in an yi wa mutum haka, ko da ba a cika samun nasara ba. Sannan bana shugaba ya je neman istiraha da fuskarsa. In an ba mu, alhamdu lillahi. In an hana, shi ke nan, mu shimfiɗa tabarmi a tsakar gidan wani, kuma an samo mana abin da za a buɗe taro da shi.

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya da nisan kwana, ya albarkaci zuri'arsa, ya sa kada wata 'yarsa ta taɓa buƙatar safar hannu don neman wurin kwana. Allah ya sa mu ga walimar bana lafiya.

Wassalamu alaikum.

Naku, Habu mai akwatuna.

Af, na kusa mantawa. Kwanan Safiya goma sha ɗaya ya rage, walima kuma sai bayan Babbar Sallah. In kwamiti ya ga roƙona ya yi nauyi, a taimaka a tambayar mini ma'aji: fuskar Abu Samir ɗin nan, ta yini ɗaya kawai ake bayarwa, ko ana haya ta shekara?