Kada Ku Jira Ni da Damin Godiya

Zuwa ga Inna, a Gangara,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ya ƙafarki, ya ƙanena Ishaku? Ni lafiya lau nake, kada ki damu.

Daga buro, wato ofishinmu, an ce mu rufe asibitin ƙauyen nan, don masu bindiga sun matso. Na rufe, na aika wa buro mabuɗin, ban ƙi umarnin gwamnati ba. Amma akwai masu tsohon ciki da ba su iya tafiya, kuma ke kika ba da ni ga Ubangiji tun ina goye. Zan zauna da su.

Damin geron da nakan kai coci da kaina ranar godiyar kaka, bana Ishaku ya ɗauka. Ki koya masa inda nake ajiyewa.

Ɗanki,
Barnaba