Rigar da Ba Ta da Aljihu

Guangzhou, cikin watan azumi, 2008

Zuwa ga Raliya, sanyin idona, ruwan randa a zafin garin nan, inuwar da na tashi daga ƙarƙashinta da ƙafata na koma rana. Ga sallama irin ta mai laifi, wadda ake yi daga bakin ƙofa, ba a shiga sai an ce shigo.

Ranki ya daɗe, ba kya ɗaga wayata, kuma ban ga laifinki ba. Shi ya sa na roƙi kawunki Sharif ya kai miki wannan takarda gida a Panyu. Shi ya gaya mini bayan Sallah za ki tashi zuwa Holan ƙaro karatu, maganar aurenmu da na kai masa kuwa kin ce a ajiye ta tukuna. A ajiye! Haba Raliya, ni ɗan kasuwa ne, na san abin da ke samun kayan da aka ajiye a sito cikin damshin garin nan. Funfuna suke yi.

Kin tuna haɗuwarmu a Pazhou, lokacin baje kolin bazara? Kina yi wa wata Hajiya 'yar Maradi tafinta, ni ina gefe ina dambe da mai masana'anta a kan farashi. Kika tambaye ni me nake saye, na ce safar ƙafa, ƙasa-ƙasa, kamar wanda aka kama da hannu a tukunya. Sai kika yi dariyar nan taki mai narkar da dutse, kika ce kada in ji kunya, ai babban mawaƙin mutanen Holan ma safa yake sayarwa. Wallahi tun daga ranar ban sake ɗaga katan ɗin safa ba tare da na ji kaina wani ne ba.

Daga baya, a falon Kawu, kika ba ni labarinsa kaɗan-kaɗan, ina shan shayi ina kallon yadda hannunki ke magana tare da bakinki. Mutum ne da ya rayu shekaru ɗaruruwa da suka wuce a birni mai magudanan ruwa. Matarsa ce ke tsaron shago, shi yana ciki yana rubuta waƙa da wasan kwaikwayo. Ya binne matar, ya binne 'ya'ya, ɗan da ya rage masa ya karya shagon, har tsohon ya koma aikin albashi da furfurarsa. Duk da haka bai ajiye alƙalami ba. Yana dab da tamanin ya rubuta wasa a kan faɗuwar sarkin Sin, ƙasar da bai taɓa takawa ba. Na yi miki tsiya na ce wannan ai makaho ne ke ba da labarin bakan gizo. Kika ce a'a, bai gani ba amma ya bi abin da matafiya suka rubuta, ya yi tambaya. Na ji wannan magana da kunnena, Raliya, ta shiga ta nan ta fita ta can.

Sai malamarki, Malama Liang, wadda ta yi karatu a Holan, ta mayar da wasan zuwa harshen Sin, aka sa shi cikin bukukuwan da makarantarku ta shirya don shekarar Olamfik. Duk cikin ɗalibai ke aka zaɓa ki fito a matar sarki. Ke, 'yar Kano, a gaban mutanen Sin, da harshensu! Wane irin farin ciki ne ban gani a fuskarki ba? A cikin jirgin ƙasa kina haddace baitoci, a wajen cin abinci kina haddacewa, har Kawu ya ce gidansa ya zama fada ba a naɗa shi komai ba.

Ni kuma, uban iya, na buga ƙirji na ce kayan sawar 'yan wasa duka a wuyana. Kika ce mu je tare, ko in tafi da wani ɗan ajinku. Na ce wa? Ni da na daɗe a garin nan har 'yan dakon tashar jirgin ruwan Huangpu sun san tafiyata daga nesa? Tufa ce sana'ata, ba na buƙatar ɗan jagora. Kaicon wannan baki nawa!

Na zaga har na faɗa wani lungu kusa da wani asibiti, na ga ƙaramin shago shiru, ba kiɗa, ba mai kiran ciniki. Ga riguna irin na mutanen zamanin da, shuɗi da ja da ruwan zinare, an yi musu ado da tsuntsaye da furanni. Na ce Alhamdulillahi, ga fada sukutum. Tsohuwar mai shagon ta tambaye ni wani abu a hankali, ta riƙe ƙirjinta, na ɗauka salon tsuga kuɗi ne. Sai na shiga aikina na duba aibin kaya. Na nuna mata babu maɓalli sai igiya. Na nuna mata hannun rigar ya zarce yatsu. Na laluba gefe na ce, “Lawban, aljihu meyo!” wato uwar shago, ko aljihu babu. Da waɗannan ukun na yi ta dukan farashi har ta gaji ta sallama, tana kallona kamar za ta yi kuka. Na fito ina taƙama na yi wa 'yar Sin wayo. An ce araha ba ta ado, ban taɓa sanin tana iya sa mutum zubar da hawaye ba.

Sauran kin fi ni sani, amma bari in faɗa, don kullum sai na sake ganinsa. Ranar gwajin kaya na buɗe katan da hannuna a gaban kowa, ina murmushi ina jiran yabo. Saurayin da zai fito a sarki ya ja da baya har ya bugi kujera. Malama Liang, wadda ba ta daɗe da rasa mijinta ba, ta zauna a hankali ta rufe bakinta da hannu. Kayan gawa na kawo, Raliya. Tufafin da mutanen nan ke sa wa mamatansu na kinkimo wa 'ya'yan mutane su sa su hau dandamali. Kafin mako ya zagayo iyaye sun ji, sun janye 'ya'yansu, aka soke wasan. Ke kuwa ba ki zage ni ba, da ma kin zaga! Kika durƙusa kika ninke su ɗaya bayan ɗaya, kika mayar cikin katan, kika miƙo mini ba tare da kin dube ni ba.

Ranar buɗe wasannin Olamfik garin nan kaf yana gaban talabijin ana ihu. Ni ina ganin dubban mutane cikin tufafin kakanninsu sai na kashe na koma sito na zauna kan buhu. Ina amfanin idon da ya san zaren auduga daga na roba, amma bai san rigar biki daga rigar kabari ba? Tsohon mawaƙinki yana can ƙarshen duniya ya hango Sin, ni ina kwana ina tashi a cikinta ban gan ta ba. Ke ma haka na yi miki, hasken raina. Ina zaune kusa da ke, kina faɗa mini abin da ya fi komai girma a zuciyarki, ni kuwa ciniki kawai na gani.

Da azumi ya kama na roƙi Kawu ya raka ni shagon, tunda shi yana jin harshen. Tsohuwar ta gane ni, ta ba mu kujera. Ta ce a ranar tambayata ta yi wa ya rasu mini haka da yawa, ta zaci wata musiba ce ta afka wa 'yan ƙasarmu, shi ya sa ta bar mini kayan yadda na so. Kin ji wadda na yi wa wayo! Ta ce ba a sa aljihu don mai tafiyar ba ya ɗaukar komai. Na ce wa Kawu ya gaya mata mu ma namu likkafanin haka yake, kuma na san wannan tun ina yaro. Sai ta ƙara da abin da ya hana ni sukuni. Ta ce a wajensu sau da yawa tun mutum yana da rai danginsa ke saya masa su ajiye, ba don fatan mutuwa ba, sai don ya san akwai wanda zai tsaya a kansa har ƙarshe.

Na je gidan Malama Liang na ba ta haƙuri. Ta zuba mini shayi, na ce ina azumi, ta yi murmushi ta shanye da kanta. Ba ta ce komai a kan wasan ba, ni ma ban tambaya ba. Na san wannan dandamali ya wuce ki, kuma babu kwantenar da za ta dawo miki da shi.

Ba zan ce ki fasa tafiya ba. Ki je, tauraruwata, ki taka titunan da tsohon mawaƙin ya taka, ki karanta shi da harshensa, ki dawo ki sa sarakunansa su yi Hausa. Abu ɗaya nake roƙo: ki bar ni in zama miki abin da matar nan ta zame masa. Ni zan tsare shago, ke ki rubuta. In kin aike ni ko allura ce, sai na tambayi mutum uku kafin in saya. Kada dai ki hau jirgin nan maganarmu tana sito. Kalma ɗaya ki ba Kawu, ko da “jira” ce, ta ishe ni buɗa baki har ki dawo.

Kayan suna nan, tsohuwar ta ce ba a mayar da irinsu. Na ɗora su a saman shago, duk safiya sai mun gaisa.

Naki a yau, naki in kin yafe, naki ko ba ki yafe ba, har ranar da za a naɗe ni cikin tawa farar rigar da ba ta da aljihu,

Abdulmumini mai safa