Fuskar Baba Kefas a Inuwa

Laraba, 9 ga Yuli, Kafanchan

Yau na gama yanka da haɗa bidiyon hirar Baba Kefas, tsohon direban jirgin ƙasa, na kai aikin cikin manhajar gyaran launi. Ta nemi ainihin abin da kyamara ta ɗauka. Babu shi. Mako uku ina aiki da ƙananan kwafi, saboda kwamfutata ba ta iya jan manyan.

Na kira Bulus, mai kyamararmu. Ya ce, "Oga, ai na goge katin kyamarar, na ɗauki biki a Godogodo. Na ga folda an rubuta 'Baba duka'."

Ni na rubuta haka, alhali ƙananan kwafin ne kawai a ciki. Ban yi masa faɗa ba.

Ƙarƙashin mangwaro muka zaunar da Baba, fuskarsa cikin inuwa. Na ce ba komai, zan gyara daga baya. Na gwada da ƙaramin kwafin, ina ƙara haske fuskar na farfashewa.

An binne shi watan jiya. Ranar Lahadi 'yarsa za ta nuna fim ɗin a coci. Za su ji muryarsa sarai. Amma idanunsa lokacin da ya ambaci matarsa, ni da Bulus kaɗai muka gani.