Ciyawar Yaɓen Zauren Baba

Tirmini, bazarar 1985

Zuwa ga Yaya Hajjo,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya da mutanen Birni. Alkasum da na aiko wurinki ya dawo mini da jakinsa wayam, ya ce kin hana shi ciyawar da ke jibge a ɗakin baya. Wallahi raina ya ɓaci. Kin san bara ba mu ga ko zangarniya ba, daji ya zama fili kamar an share. Shanuna duk sun mutu sai Goje, saniyar da Inna ta bar mana, ita ma sai an kama wutsiya ake tayar da ita. Ɗan abin da ake tatsa a jikinta shi 'yata Ladi ke sha tun da nonon uwarta ya ƙafe. Ke kuwa kin ajiye ciyawa don a tattake ta cikin laka a shafa wa bango! Bango yana jin yunwa ne? Ki ji tsoron Allah ki aiko.

Ƙanenki, Nomau.

Birni, Damagaram

Zuwa ga Nomau,

Na amsa gaisuwarka, ko da yake a tsaye ka yi ta. Mamman mai rubuta mini wasiƙa ya ce in sassauta, na ce ya rubuta yadda na faɗa ko in tafi wurin wani.

Kai ne yau kake koya mini tsoron Allah? Tun da ka koma gonar dangin Inna, sau nawa ka leƙo ka ɗora ko curi ɗaya na laka a gidan nan? Ciyawar da kake kira jibgi, tsinke-tsinke na tara ta, har zanen aurena na ba wani Bafillace don ita. Kai ɗan magini ne, ka san laka ba ciyawa tsagewa take yi. Rabon zaure da yaɓe tun kafin farin nan, kowa na cewa ai ba ruwa, me za a kare. Yanzu tsagar da ke sama da ƙofa hannuna na shiga ciki.

Kuma ba bango ba ne kawai, mara kunya. Fuskar zauren nan Baba ya zana ta da yatsunsa shekarar da aka haife ka. Duk lungunmu da ita ake kwatance, har 'yan lakwal, yaran makarantar boko, malaminsu na kawo su su tsaya su kalla. Gidan su Illa ya zube, na Dodo an lulluɓe shi da siminti ya koma kamar kanti. Namu ya rage. Ruwan farko in ya same shi haka, ya tafi.

Allah ya ba Ladi lafiya. Yayarka, Hajjo.

Tirmini

Yaya,

Ina gaisuwa. Na san hannun Baba, ni nake miƙa masa laka yana bisa tsani in yana sabunta yaɓen. Amma da yana raye da kansa zai ɗora ciyawar a kan jaki, kin sani sarai. Jiya Goje ta cinye tabarmar ƙofa. Ladi ba ta kuka kuma, sai dai ta bi mutum da ido. Ba zan sake roƙonki ba. In an tambaye ki labarinmu, ki nuna musu zanen.

Nomau.

Birni

Nomau,

Ga ciyawar nan a kamyon Sha'ibu, babbar motar kayan nan, har da guntayen da na share a ƙasa. Kada ka yi mini godiya, ba na so. Na riga na kira masu yaɓe, na sallame su ina ji ina gani, maƙwabta na leƙe ta katanga. Ka iya magana, ka san inda za ka soka. Ina jin haushinka, ina jin haushin saniyar, ina jin haushin wannan sama da ba ta da ko gajimare. Ka jiƙa ciyawar da ɗan ruwan kanwa kafin ka ba ta, ta tsufa.

Hajjo.

Tirmini, farkon damina

Yaya Hajjo,

Gaisuwa mai yawa. Goje ta tashi da ƙafafunta, Ladi har ta fara rarrafe. Shekaranjiya aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, mun yi shuka. Masu zuwa daga Damagaram sun ce can ma an sha shi sosai. Na tambaye su gidanmu, kowa sai ya kau da kai. Yaya, zauren fa?

Ƙanenki, Nomau.

Birni

Nomau,

In ka shigo lungunmu kada ka nemi zane, ka tambayi yara gidan Hajjo. Na tsinci guntu ɗaya a cikin taɓo mai sawun babban yatsan Baba, yana cikin kwallar da nake ajiye kayana. Ka zo da Ladi in gan ta da idona. Ka zo da fartanya kuma, akwai ƙasar kwashewa.

Hajjo.