Turin Ladi

Lahadi, 3 ga Nuwamba, 2024

Yau aka jawo Ladi. Tarakta ce ta ɗauro ta da sarƙa tun daga ƙauyenmu na gabashin Rabah har ƙofar ɗakin da muke haya a nan Wurno. Damina guda ta yi a inda muka bar ta. Tayoyi sun kwanta, gilashin gaba babu, ɓeraye sun tare a kujera har da iyalansu. Akori-kurar Baba ce, Fijo 404, ta girme ni. Mutanen garinmu suka sa mata Ladi don ranar Lahadi kaɗai take fita, ta kai albasa kasuwar Goronyo.

Na shiga na ce, "Baba, ga Ladi ta iso." Bai juyo ba. Tun da muka baro gida haka yake, fuska ga bango, daga salla sai "to". Idanunsa dai tuni sun tafi, yanzu bakin ma ya bi su. In akwai abin da zai dawo mini da shi, ƙarar motar nan ce.

Talata, 5 ga Nuwamba

Na kwance kujera, na kori masu gida.

Ladi ba ta taɓa tashi da makulli ba a sanina. Kik ɗinta, abin da ke tada inji, ya mutu tun ina goye, Baba bai sake sa wani ba. Duk Lahadi bayan asuba zai zauna a sitiyari ya ƙwala kira, maza su fito su dafa ta. Wanda ya tura, wurinsa na baya, shi da buhunsa, ba mai tambayarsa komai. Haka aka saba.

Ranar da mutanen daji suka shigo, tana tsaye a ƙofar gida, tankinta cike. Kowa ya yi ta kansa, ba mai turawa. Na goya Baba na wuce ta da ƙafa. Ban ga laifin kowa ba, amma wannan karon da makulli za ta tashi. Ba zan ƙara tsayawa jiran hannun wani ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Kafireta cike da gidan zanzaro. Na wanke da fetur. Fulogi biyu sun mutu.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Achida. Na samu tayoyi na hannu da lagireto, tankin ruwan inji, mai ɗan yoyo. Da na tambayi kik na 404, mai shagon ya yi dariya har da tafa hannu, wai in je gidan tarihi. Ban yi dariya ba.

Juma'a, 6 ga Disamba

Malam Maccido, maƙwabcinmu, ya taso daga majalisarsu ta gindin dogon-yaro ya tsaya a kaina ina kokawa da salansa. "Sannu da aiki. In riƙa maka?" Na ce na gode, na iya. Ya ɗan jima, ya koma. Mutumin kirki ne, na sani. Amma na gaji da zama wanda ake taimaka wa. Tun zuwanmu sunanmu ya ɓace, mun koma "mutanen nan da sunka gudo". Ko sallama na yi, sai in ga tausayi a idon mai amsawa.

Salansar ta faɗo mini a gwiwa bayan tafiyarsa. Maganina ke nan.

Lahadi, 15 ga Disamba

Ban yi magana da kowa ba yau, in ba da mota ba.

Alhamis, 26 ga Disamba

Ƙanwata Bilkisu ta zo daga Kagara da fura. Baba ya kurɓa sau ɗaya ya ture. Ta ja ni waje tana share ido da gefen mayafi. "Yaya, dubi wuyanai. Kai kana ƙarƙashin mota wuni, shi shina ɗaki shi kaɗai. Ka ba ni shi." Gidan mijinta cike yake da mutane, ta fi ni gaskiya. Na roƙe ta ta bari in tada Ladi tukuna. Ta ce kafin azumi, in bai canza ba, za ta ɗauke shi.

In ta ɗauke shi, wa zan ce wa ina kwana?

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Fenti. Shuɗi irin na da, ko kusa da shi. Mai walda ya toshe ramukan bodi, na sa kafinta ya ɗaga mata katako a baya yadda buhunan albasa za su hau bisa juna ba su zubo ba. Ƙofar direba da Baba yake ɗaurewa da igiya yanzu tana rufuwa da kanta. Na rufe na buɗe, na rufe na buɗe, kamar marar aikin yi.

Litinin, 13 ga Janairu

Sakkwato, wajen 'yan kayan gwanjo. Gilas ya samu. Kik babu. Wani ya so ya liƙa mini na wata mota, wai da ɗan gyara zai shiga. Da ɗan gyara ni ma sai in zama gwamna.

Lahadi, 26 ga Janairu

An yi mini kwatancen wata gawar 404 a bayan madatsar ruwan Goronyo, gidan wani masunci, Zayyanu. Na same ta an shanya mata taru, kaji na ƙwai a cikinta. Na leƙa ƙarƙashi, ga kik yana nan daram.

Zayyanu ya ce, "Mi kaka yi da shi?" Na gaya masa. Ya riƙe baki. "Ladi? Ta Halliru Direba? Wallahi na sha tura ta bakin kasuwa, hab bakin gulbi yaka kawo ni!" Ya kawo sifana da kansa, ya ƙi karɓar komai. Da zan tafi ya ce, "Amma mi Ladi za ta yi da kik? Ku ba ku da mutane?"

Na ce a gai da gida. Duk hanya maganar tana cina.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Ta tashi! Na ɗaura kik, na sa sabon batir, na murɗa makulli, bugu ɗaya. Na bar ta tana aiki na ruga ɗaki.

Baba ya ɗaga kai, ya karkata kunne. Rabon da ya haɗa kalma biyu har na manta.

"Motaw wa?"

"Ladi ta, Baba."

"Wa yat tura ta?"

"Ba kowa. Kik nis sa mata."

Sai ya ce, "To," ya koma ga bangonsa.

Na fita na kashe ta. Na zauna a ciki har la'asar ta kusa wuce ni. Na yi kuka, ba wanda ya gani, dama wa zai gani.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na kai ta Goronyo don gwaji. Lafiya lau, ko tari ba ta yi ba. Ina ta duba madubi, bayan wayam, sai katako sabo yana ƙara. Da can hayaniyar baya ba ta barin ka ji inji, wannan na gardamar farashin albasa, wancan na rantsuwa an taka masa ƙafa. Ban shiga kasuwa ba, na juyo.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Bilkisu ta kira, za ta zo ɗaukar Baba. Lahadi. Na ce kada ta wahala, ni zan kawo shi, ga mota.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na ƙulle masa kaya. Riguna, buta, carbi, bargo. Duk abin da Halliru Direba ya mallaka ya shige zani ɗaya.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Bayan asuba na zaunar da Baba a gaba, na sa ƙullinsa a ƙafafunsa. Na shiga, na murɗa makulli rabi, fitilar gaban sitiyari ta kawo. Sai hannuna ya tsaya. Ban san me na zauna ina jira ba. Malam Maccido da mutanensa sun dawo daga masallaci suna gindin dogon-yaro, biyu daga cikinsu da buhunan albasa, suna jiran motar kasuwa.

Na sauka. Na nufe su. Na yi sallama na ce, "Malam, batir ya yi sanyi. Ko za ku ɗan dafa muna?"

Ko tambaya bai yi ba, ya naɗe hannun riga. "Kai, ku taso!"

Suka dafa. Motar ta motsa, takalma na jan ƙasa, wani na nishi, wani na cewa wagga ai ta fi raƙumi nauyi. Sai na ji murya a gefena, irin ta da, mai tsinka kasuwa:

"Giya biyu! Kak ka saki kuloci sai na ce!"

Na riƙe.

"Ku ƙara, 'yan samari, ba ku ci tuwo ba? Yanzu!"

Na saki. Ladi ta yi tsalle, ta yi tari, ta kama. Na ɗan ci gaba don kada ta mutu, Baba ya kai mini duka a cinya. "Tsaya, kai! Wa ka barin wanda yat tura?"

Suka hau da buhunansu. Malam Maccido, da ba shi da niyyar zuwa ko'ina, shi ma ya hau. Kafin mu fita gari an fara gardama a baya. Baba yana leƙa kai ta taga yana sa baki, bai ma san a kan me ake yi ba. A kasuwa ya sha fura rabin ƙwarya, ya ce ta garinmu ta fi.

Mun biya Kagara da azahar. Bilkisu ta miƙa hannu za ta ɗauki ƙullin, Baba ya take shi da ƙafa. "Ni da ad da mota ran Lahadi, ina za ni?" Ta dube ni, na dubi taya.

Da muka dawo Malam Maccido ya ce ya san mai cajin batir a bakin tasha, gobe sai ya raka ni. Na ce ba sauri. Ya kira ni Almustapha, ban san ya san sunana ba.

Bayan kowa ya watse na koma in ɗauko ƙullin. Na ɗan murɗa makulli, don dai in gani. Bugu ɗaya. Na yi maza na kashe ta kafin Baba ya ji.